Mai Awo da Rabon Farin Gari

Shekara goma sha tara muka yi ni da shi muna haɗa wa karnuka da kyanwoyi abinci, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak na yi aiki da kaina maimakon hannuna. Wannan sau ɗayan ne ya raba shi da katinsa. Gara in faɗi haka tun da fari, kada wani ya zaci na zauna rubuta tarihin abokina ne don in yabi kaina ta bayan fage.

Mai Awo muke ce masa. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Siririn mutum ne, gajere, mai ƙaramar murya, da tabarau wanda ƙafarsa ɗaya ta karye tun kafin in san shi, ya ɗaure ta da zare ya ci gaba da harkarsa. Mahaifinsa tela ne, kuma yakan ce a wurinsa ya gaji ƙin kalmar "kusan". In ka ce masa abu ya kusan kilo biyu, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kusan ɗin nan nawa ne?" Ya yi karatun kiwon dabbobi na shekara biyu, ya yi aiki a gidan da ake haɗa abincin kaji, daga nan ya dawo kamfaninmu. Ni kuwa karatuna bai wuce in karanta abin da ke jikin buhu in sa hannu a takardar zuwa aiki ba. Abin da ya haɗa mu abota har yau ban sani ba. Ina jin shi yana bukatar wanda zai riƙa gyarawa, ni kuma Allah ya yi ni da wuraren gyara da yawa.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da injin niƙa a bakin ƙofa, sai babbar tukunyar gauraya wadda ni nake tsaye a kanta, sai injin da ke matso kwaɓin ta 'yan ramuka yana yanka shi ƙwaya-ƙwaya, sai wurin busarwa, sai inda ake ɗinke buhuna. Muna zuba garin masara, garin kifi, garin nama da ƙashi, kitse, da wasu ƙananan sinadarai. Warin garin kifi ba ya barin mutum. Ko ka yi wanka sau uku, in ka shiga bas sai ka ga kujerar kusa da kai ta zama babu kowa, in ka sauka kuma kyanwoyin layinku su rako ka har ƙofar gida. Surukata ta yi shekaru tana gaya wa mutane cewa mijin 'yarta a kamfanin abinci yake aiki, sai ta yi sauri ta canza magana kafin a tambaye ta abincin wa.

Shi Mai Awo bai taɓa jin kunyar aikin ba. In an yi masa ba'a cewa shi kukun karnuka ne, sai ya ce, "Kai in aka ba ka abin da bai yi maka ba, kana da bakin da za ka yi ƙorafi. Su ba su da shi. Abin da muka sa a buhu, shi za su ci yau, shi za su ci gobe, shi za su ci baɗi." Wannan ce maganarsa mafi tsawo, kuma ba ya yin ta sai an matsa masa.

Katin da na ambata, hukumar da ke kula da abincin dabbobi ce ta ba shi bayan ya ci jarrabawarsu. A ƙa'idarsu, babu buhun da zai fita daga kamfani sai mai irin wannan kati ya sa hannu cewa abin da aka rubuta a jikin buhu shi ne a cikinsa. A kamfaninmu shi kaɗai ke da shi. Yana ajiye shi a cikin 'yar leda a aljihun gaba, kuma na sha ganin yana taɓa aljihun yadda mutum ke taɓa kan ɗansa. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, ba ya cikin waɗanda ake ba kujerar gaba a taro. Yana da katin nan, da sa hannun da ko sau ɗaya ba a taɓa mayar da shi ba.

Yadda yake aiki kuwa, sai wanda ya gani. Kowane haɗi aka gama, zai ɗebi cikin kwalba ɗaya, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya jera a kanta, domin hukuma ta ce a ajiye. Sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a baki ya tauna, yana kallon rufi. Ranar farko da na ga haka na ce, "Mutumina, in yunwa ce ka faɗa, ina da biredi." Ya ce, "Kitsen ya fara tsufa. Zo ka ɗanɗana." Na ce na gode, na yarda da shi.

Akwai wani ƙaramin duro mai shuɗin murfi a kusurwar ɗakin awo. A cikinsa akwai wani sinadari fari sol, mai suna irin na likitoci wanda har yau harshena bai iya ba. Mu dai farin gari muke ce masa. Shi kaɗai yake auna shi, a kan ƙaramin sikeli, kuma a haɗin kyanwoyi kawai ake zubawa. Na karnuka ba a sa musu ko ƙwaya. Shekaru ina ganin haka ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, saboda a ganinsa takardar awo da ke manne a bango ta isa. Amma a raina abin yana ɗan sosa ni. Mu da muke haɗa buhun karnuka huɗu kafin mu haɗa na kyanwa ɗaya, karnukan nan su ne ke gadin gidaje, su ake ɗaurewa a rana, amma abu mai daraja sai a ba wadda aikinta barci.

Muna da misali a gabanmu ma. Akwai wata kyanwa ja da ke zaune a kamfanin, muna kiranta Manaja, saboda ba ta taɓa ɗaga komai ba amma kullum tana saman buhuna tana kallon masu aiki. Abincinta daga haɗinmu ne, safe da yamma. Mai Awo yana ji da ita. Da ya shigo da safe ita yake fara gaisarwa, sannan ni.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Aka yi asibiti, aka dawo gida, aka sake komawa. Wata bakwai bai taka kamfani ba. Mai kamfani ya ce ba za a tsayar da aiki ba, kuma ba zai kawo baƙo ba alhali ga ni na yi shekaru ina kallon yadda ake yi. Aka shirya cewa ni zan riƙa awo bisa takardar da ke bango, duk ƙarshen mako in kai wa Mai Awo takardun haɗi gida ya sa hannu. Bai so ba. Na ga yadda ya riƙe biro a ranar farko, kamar an ba shi garwashi. Amma ya dube ni ya ce, "Kai ne ai. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?"

Ranar da na fara buɗe shuɗin murfin nan da hannuna, sai na ji kaina ya yi girma. Na shinshina, babu wari. Na ɗanɗana, babu wani ɗanɗano na a zo a gani. Na ce lallai wannan maganin ƙarfi ne na manya. Sai tunani ya zo mini, irin tunanin da ke zuwa wa mutumin da ba a saba bari ya yi tunani ba. Na ce yau dai karnuka za su san an yi canjin gwamnati. Ban ƙara ko cokali a kan abin da aka rubuta ba, don kada duro ya ƙare da wuri a ce na yi ɓarna. Na ɗauki rabon haɗin kyanwa ɗaya na kasa shi biyar: huɗu ga karnuka, ɗaya ga kyanwoyi. Har da lallaɓa saman cokali da yatsa don kada wani ya fi wani. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar wanda ya 'yanta bayi.

Wata bakwai ina wannan aikin alheri. Duk mako in je gidansa, matarsa, wadda nake kira Uwargida, ta kawo mini ruwa, in zauna a bakin gadonsa. Ya ce, "Komai bisa takarda?" In ce, "Komai daidai." Kuma wallahi a zuciyata ban ɗauki kaina maƙaryaci ba. Na ɗauka na gyara takardar ne, ina jiran ya warke in ba shi labari ya yaba mini. Gwajin da ake kaiwa ɗakin bincike duk wata kuwa na kitse ne da danshi da ruɓa da makamantansu. Na farin gari sau ɗaya ake yi a shekara. Don haka babu wanda ya kama ni. Ko ni ban kama kaina ba.

Ya dawo aiki wata Litinin, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muka rungume shi, aka yi ta barka. Ya ce, "Ina Manaja?" Ya kira ta. Ta ɗago kai daga saman buhuna, ta juyo wajen muryarsa, ta yi tsalle zuwa kan tebur kamar yadda ta saba, sai ta wuce gefen teburin ta faɗi ƙasa.

Na yi dariya. Ina so a rubuta wannan: ni na fara dariya. Na ce, "Manaja ta tsufa, a yi mata ritaya."

Shi bai yi dariya ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauke ta, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Baƙin idonta ya buɗe fal, bai tsuke ba ko da rana ta haske shi. Ya kaɗa yatsa a gabanta, ba ta bi shi ba. Ya ce, "Tun yaushe take haka?" Na ce ai kwanan nan takan yi karo da abubuwa, na ɗauka rashin kula ne irin na manya.

Ya ajiye ta a hankali, ya ce mini, "Yau haɗin kyanwa ne ko? Yi awon, ina kallo. Na manta hannu."

Ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. Na jawo kwanuka biyar na jera. Na auna farin gari na fara rabawa, ina yi ina bayani kamar malami a aji. Na ce masa zamanin wariya ya wuce. Na ce tun da ya kwanta babu karen da aka zalunta a kamfanin nan. Ina cikin lallaɓa cokali na huɗu na lura shiru ya yi yawa.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Kowane haɗi?"

"Ko ɗaya ban tsallake ba," na ce, har da ɗan alfahari.

Ya nemi buhu ya zauna. Sannan ya yi mini bayanin da ya kamata a yi mini shekara goma sha tara da suka wuce, cikin ƙaramar muryar nan tasa, ba tare da ya ɗaga ta ba. Ya ce jikin kare yana iya ƙera wannan sinadari da kansa daga abin da ya ci. Jikin kyanwa ba ya iyawa, sai an ba ta. A daji daga ɗanyen nama take samu, amma abincinmu wuta ta ci shi, masara ta yi masa yawa, shi ya sa ake ƙarawa. In ta daɗe ba ta samu isasshe ba, idonta yakan mutu a hankali, zuciyarta ta saki. Ya ce, "Ba gata ake yi mata ba. Ranta ne."

Na ce, "To karnukan fa? Bai ƙara musu komai ba?"

Ya ce, "Sun fitsarar da shi, Alƙali. Wata bakwai kana yi wa magudanar ruwa adalci."

Daga ranar sunana ya koma Alƙali, Alƙalin Karnuka in ana son cikawa. Na so a ce ya zage ni, ko ya mare ni. Bai yi ba. Ya ce kawai in ɗauko masa ruwa.

Likitan dabbobi ya duba Manaja washegari ya tabbatar: idon ya tafi, ba zai dawo ba, amma zuciyar za ta iya murmurewa in aka gyara abinci. Muka wuce ofishin mai kamfani. Mai kamfani ba mugun mutum ba ne, mai tsoro ne kawai, kamar yawancinmu. Ya saurara, ya rufe ƙofa, ya ce, "To alhamdulillahi da aka gane. Daga yau a koma daidai. Gwajin shekara sai nan da wata huɗu, kafin nan komai ya gyaru. Kwalaben da ke kanta kuma, ai kwalba takan fashe."

Mai Awo ya ce, "Ranka ya daɗe, buhunan da ke shaguna fa? Da waɗanda ke gidajen mutane? Akwai mai kyanwar da yanzu haka yake zuba mata yana ganin ya kyauta mata."

"In ka kai maganar hukuma, ka san wa za su fara kamawa? Ba ni ba, ba wannan gwanin lissafin ba. Sa hannunka ne a kan kowace takarda. Katinka za su karɓe."

"Na sani."

"Ka sani, amma za ka je?"

"Sa hannuna ne ai," in ji shi. "Na ce abin da ke jikin buhu shi ne a ciki. Ba shi ba ne."

Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina addu'a a zuci Allah ya sa ya ji maganar mai kamfani. Wannan ma a rubuta. Da muka fito na kama hannunsa na ce, "Mutumina, don girman Allah ka yi tunani. Ba ka da lafiya. Katin nan shi ne kai." Ya ce, "Gobe ƙarfe tara. Ka sa riga mai tsabta. Ka ɗauko kwalaben duka, kada ka fasa ko ɗaya, kuma kada ka raba su daidai da kowa a hanya."

Ofishin hukumar yana hawa na biyu, babu abin hawa sai matakala. Sau uku muna tsayawa ya huta, ni ina ɗauke da kwali cike da kwalabe suna ƙara. Jami'ar da ta karɓe mu dattijuwa ce mai kaifin ido, ta san shi shekaru. Ta ce, "Mai Awo, lafiya? Ba lokacin sabunta kati ba ne." Ya zaro katin daga leda ya ajiye a kan teburinta, ya ce ya zo kai ƙarar kansa. Ya ce wata bakwai yana sa hannu a kan haɗin da bai gani da idonsa ba, kuma haɗin kyanwoyi ya fita da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya kamata. Ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Kuskuren awo ne a ƙarƙashin kulawata." Bai ambaci sunana ba. Bai ko kalli inda nake ba.

Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Hajiya, ba kuskure ba ne, da gangan na yi. Na ga ana cutar karnuka ne." Na kwashe komai na faɗa mata, har da kwanuka biyar, har da lallaɓa cokali.

Ta ajiye biro. Ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Shekara ashirin da shida ina aikin nan. Na ga masu rage kaya don cin riba, na ga masu canza kwanan wata. Yau ce rana ta farko da aka kawo mini wanda ya makantar da kyanwa saboda tausayi." Ta juya gare shi. "Amma ka san wannan bai wanke ka ba."

Ya ce, "Ban zo wanka ba, Hajiya."

Aka rufe ɓangaren kyanwoyi na mako shida. Aka ba da sanarwa a dawo da buhuna, a kai kyanwoyin da suka ci wurin likita. Katinsa kuwa aka dakatar na shekara guda, da sharaɗin sai ya sake zama jarrabawa kafin a mayar masa. Ni da ba ni da kati babu abin da za a karɓe mini. Mai kamfani ya so ya kore ni, Mai Awo ya ce a bar ni, wai yanzu a duk garin babu wanda ya fi ni sanin amfanin farin gari.

Mu biyu muka bi shaguna da motar kamfani muna kwaso buhuna. Shi yana bayani, ni ina ɗauka. A wani shago muka haɗu da wata tsohuwa da ta ji sanarwa ta zo da buhunta rabi, da kyanwarta a cikin kwando. Ta ce a nuna mata wanda ya yi wannan aiki. Na ce ga ni, Mama. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kai a gidanku in likita ya rubuta wa mahaifiyarka magani, rabawa kake yi da maƙwabta?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah ya shirye ka." Mai Awo ya juya baya yana duba tayar mota, kafaɗunsa na girgiza da dariya. Kyanwar tata an ci sa'a, dama abinci iri biyu take haɗa mata, idonta bai taɓu ba. Ba duka aka ci wannan sa'ar ba. Mun ji labarin guda uku da suka makance ban da Manaja, kuma duk ukun ya je gidajen da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ni ina biye da shi ina kallon ƙasa.

Aka kawo wani mai kati daga wani kamfani yana zuwa sau biyu a mako. Shi kuma Mai Awo aka mayar da shi kula da sito, yana ƙirga buhunan da wani ya sa wa hannu. Wata rana na gan shi ya ɗauki ƙwaya daga sabon haɗi zai kai baki, sai ya tsaya, ya mayar. Na shiga bayan injin busarwa na yi kuka, na fito na ce hayaƙi ne. Ya ce, "Injin a kashe yake, Alƙali."

Na taɓa tambayarsa ko yana jin haushina. Muna zaune a bakin sito lokacin hutun rana. Ya ce, "Na ji, kwana biyu. Daga baya na tuna shekara goma sha tara kana tsaye kusa da ni, ban taɓa ce maka ga dalilin abu ba. Na ɗauka hannu kawai nake bukata." Abin da ya yi da sauran ƙarfinsa ke nan: duk wanda ke aiki a ɗakin, har mai shara, sai da ya zaunar da shi ya gaya masa me kowane gari yake yi a jikin dabba. Ni ya sa na maimaita sau uku a gaban kowa.

Ya yi karatun jarrabawar a tsakanin zuwa asibiti. Mutumin da ya fi masu tambayar sanin aikin, ga shi da littafi a cinya ana ƙara masa ruwa. Uwargida ta ce masa ya bari, jikinsa ya fi kati. Ya ce ba ya so ya tafi a dakace. Ya zauna jarrabawar ana saura 'yan kwanaki shekarar dakatarwa ta cika, ni na kai shi, na jira shi a matakala. Da ya fito na ce yaya? Ya ce, "Akwai tambaya a kan farin gari. Na kusa rubuta sunanka."

Mako uku bayan haka ya rasu, da hantsi, a gida, Uwargida na riƙe da hannunsa. Ina wurin aiki aka kira ni. Ban tuna yadda na kashe injin ba.

Wasiƙar hukuma ta iso kamfani kwana goma sha biyu bayan an binne shi. Mai kamfani ya miƙo mini ba tare da ya buɗe ba, ya ce ni ya kamata in kai gidan Mai Awo. Na kai. Uwargida ta ce in buɗe in karanta mata, idonta ba ya ganin rubutu saboda kuka. Na karanta da irin karatuna, ina tuntuɓe a kan manyan kalmomi. Ya ci jarrabawar. An ɗage dakatarwa. Ga sabon kati a ciki, da hotonsa, da tabarau mai zare. A ƙasa kuma an rubuta cewa katin mallakar hukuma ne, in mai shi ya bar aiki ko ya rasu, wajibi ne a mayar.

Ta riƙe katin a tafin hannunta ta ce, "Ba sai mun mayar ba ai. Wa zai sani?"

Na buɗe baki zan ce haka ne, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Sai na kasa. Ta dube ni, ita ma ta san abin da ya hana ni. Ta yi 'yar dariya cikin hawaye ta ce, "Kai ma ya lalata ka. Ungo, kai musu. Ba zai bar mu mu yi barci ba."

Na hau matakalar nan ni kaɗai, ban tsaya hutawa ko sau ɗaya ba, kuma hakan ya fi komai yi mini ciwo. Jami'ar ta riga ta ji labarin rasuwar. Ta karɓi katin, ta buɗe babban littafinsu, ta nemo sunansa. Ta ce in matso in gani. Inda aka rubuta "an dakatar" ta ja layi, ta rubuta kwanan watan da aka mayar masa, ta rubuta ranar da ya rasu a gaba, ta sa hannu. Ta nuna mini da bakin biro: sakamakon ya fito kwana huɗu kafin rasuwarsa, wasiƙar ce ta yi jinkiri a hanya.

Na ce, "Wato da katinsa ya tafi?"

Ta ce, "Da katinsa ya tafi."

Sannan ta ɗauki abin huda takarda ta huda katin a kusurwa, ta ce yanzu ba ya aiki, ƙa'ida ta cika, hukuma ba ta da bukatarsa. Ta miƙo mini ta ce in kai wa iyalinsa.

Na fito ina murna ina kuka, na shiga bas ɗin da ba na unguwarsu ba, sai da muka kai ƙarshen layi na farga. Na isa gidan bayan la'asar, ƙafata duk ƙura. Uwargida tana zaune a bakin ƙofa tana jira. Na ba ta katin, na gaya mata maganar kwana huɗun. Ta sa ni na sake faɗa. Na sake. Ta ce, "Kwana huɗu cif, ko dai ka ƙara don ka faranta mini?"

Na ce cif. Na ce na gani da idona a littafi, na ƙirga da yatsa sau biyu, kuma na sa Hajiya ta ƙirga mini na uku.